Saita Eko da Amon Ɗaki a Mikisar X32, da Ɗaura Su a Maɓallan Yanke

Mawaƙi yana tsakiyar baiti, eko na bin muryarsa daidai da kiɗa, sai ya ɗaga hannu makaɗa su tsaya domin ya gaida uwar amarya. Tsakanin rufe bakinsa da waƙa da buɗe shi da magana bai fi sakan ɗaya ba. Idan sai mai sauti ya danna EFFECTS, ya lalubo shafi, ya murɗa wani abu kafin eko ya tafi, to gaisuwar ta riga ta maimaita kanta sau uku a kunnen jama'a, kuma ba wanda ya ji sunan da aka ambata. Wannan ne dalilin da ya sa saita amo da ɗaura shi a maɓallin yanke aiki ɗaya ne. Duk kyan saitin da hannunka ba zai iya kaiwa gare shi cikin sakan guda ba, a wajen taro ba shi da amfani.

Bayanin nan a kan babbar mikisar X32, na'urar haɗa sauti ta kamfanin Behringer, yake, wadda ta fito a 2012, mai mashigar makirufo 32 da feda 25 (abin turawa sama da ƙasa don ƙara ko rage sauti) masu tafiya da kansu. Midas M32 tsarinsu ɗaya, har fayil ɗin saiti suna karɓar na juna, saboda haka mai ita zai iya bin matakan nan kai tsaye. Sunayen maɓallai an bar su kamar yadda aka rubuta su a jikin na'urar. Abin da allo ke kira Reverb shi ne amon ɗaki, wato kumbura da jelar da murya ke yi a cikin babban zaure. Abin da yake kira Delay kuwa shi ne eko, maimaicin da ake iya ƙirgawa ɗaya bayan ɗaya.

Hanyar da murya ke bi

A cikin X32 akwai gurbi takwas na na'urorin gyaran sauti, FX1 zuwa FX8. Huɗun farko su ne ake aika wa murya daga layuka da yawa su dawo da amo. Huɗun ƙarshe cusawa kawai ake yi da su a kan layi ɗaya ko mafita ɗaya, shi ya sa galibi ake ajiye su don ikwalaiza. Amon ɗaki da eko a FX1 zuwa FX4 suke zama.

Bus hanya ce da ke tattara sauti daga layuka da yawa ta kai shi wuri ɗaya. A saitin da na'urar ke zuwa da shi, Bus 13 ne ke ciyar da FX1, Bus 14 FX2, Bus 15 FX3, Bus 16 FX4. Abin da suka sarrafa yana dawowa ta fedojin FX Return, waɗanda za ka gani in ka danna maɓallin shafin AUX IN da FX RETURNS a ɓangaren hagu. Ke nan ƙofa uku murya ke ratsawa: yawan abin da layin mawaƙi ya aika, babbar fedar Bus ɗin, sannan fedar dawowa. In ɗaya daga ciki tana ƙasa ko an kashe ta, ba za ka ji komai ba, kuma mafi yawan masu cewa ekonsu ya lalace ɗaya ce daga cikin ukun nan ke rufe.

Kafin ka taɓa amo, gyara muryar da kanta. Murɗa GAIN har mawaƙi yana rerawa da ƙarfin da zai yi a gaban jama'a fitilar ma'auni na yawo wajen -18, ba ta taɓa ja. Kunna LOW CUT a tsakanin 100 da 120 Hz domin ya zubar da gurnanin hannu a jikin makirufo da bugun iska. Muryar da ta shiga a fashe, amo ba ya gyara ta, sai dai ya yaɗa fashewar ko'ina.

Sai ka danna EFFECTS. A shafin farko za ka ga gurbi takwas ɗin a jere, ƙarƙashin allo kuma nob shida, kowane da sunan aikinsa a samansa. Murɗawa zaɓi ne, dannawa tabbatarwa. Sa Plate Reverb a FX1, Hall Reverb a FX2, Stereo Delay a FX3, ka bar FX4 don wani abin da zai taso. Duba cewa mashigar kowane gurbi tana nuna Bus ɗin da ya dace. Kai fedojin Bus 13, 14 da 15 zuwa 0, haka ma fedojin dawowa. Daga nan zaɓi Bus 13, danna SENDS ON FADERS, fedojin hagu za su koma nuna abin da kowane layi ke aika wa Bus 13. Ɗaga na babban mawaƙi zuwa wajen -12, na 'yan amshi ƙasa da haka kaɗan, sauran su zauna a ƙasa. Da ka gama, sake danna SENDS ON FADERS ya mutu. Mantawa da shi a kunne babban haɗari ne, domin za ka ja feda da niyyar rage murya alhali amo kake ragewa.

Abu ɗaya da za a tabbatar a shafin sends na layin: aikawar ta kasance Post Fader. Ma'anarsa, in ka sauke fedar mawaƙi, amonsa ma ya sauka tare da ita. In ta kasance Pre Fader, za ka sauke fedarsa ƙasa amma muryarsa ta ci gaba da fitowa daga nesa ta cikin amo, har maganar da yake yi da makaɗa a bayan fage. X32 tana haɗa wannan zaɓi bibbiyu, 13 da 14 tare, 15 da 16 tare.

Amon ɗaki

Plate ya fi dacewa da murya domin yana da santsi kuma ba ya jan ƙasa da yawa. Shiga shafin fx1. Saitukan sun kasu layi biyu, kibiyoyin sama da ƙasa na gefen allo ne ke sauya su.

Fara da Pre Delay, wato ɗan jinkirin da ke tsakanin fitar kalma da tashin amonta. Mutane da yawa suna barin sa a sifili, kuma nan ne kalmomi ke nutsewa. Sa shi tsakanin milisakan 30 da 60. Wannan ɗan taƙin yana ba baƙin farko na kalma damar isa kunne a bushe kafin amo ya lulluɓe shi. Hausa harshe ne da tsawon wasali da hawa da saukar murya ke rarrabe ma'ana, don haka amon da ya cike giɓin da ke tsakanin gaɓoɓi yana cinye ma'anar waƙar ne, ba ƙawata ta ba. A waƙa mai tafiya a hankali za ka iya kai shi 80.

Decay shi ne tsawon jela. A waƙar rawa mai sauri, sakan 1.2 zuwa 1.6 ya isa. A waƙar bege ko ta soyayya mai jan baiti, sakan 2 zuwa 2.6. Hanyar gwaji mai sauƙi ita ce ka saurari ƙarshen layin waƙa: jelar ta kusa mutuwa kafin layi na gaba ya fara. In tana nan da ƙarfinta har ya shigo, rage.

Amma lambobin nan na wurin da ba shi da nasa amon ne, kamar fili, ƙarƙashin rumfa, ko ɗaki mai kafet da labule. Yawancin zaurukan biki namu siminti ne da tayil da gilashi, wasu da rufin kwano ba silin. Shiga tsakiyar zauren kafin jama'a su zo ka tafa hannu sau ɗaya da ƙarfi. In tafin ya daɗe yana yawo, ɗakin ya riga ya ba ka amo kyauta, naka sai ya zama gajere, ƙasa da sakan 1.2, kuma ƙasa-ƙasa. Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a sakan, saboda haka bangon da ke nesa da lasifika da mita 17 zai dawo maka da murya bayan kusan milisakan 100. Wannan eko ne da ba ka da maɓallin kashe shi, sai dai ka karkata lasifika ta daina fuskantar bangon kai tsaye. In zaure ya cika, jikin mutane da tufafinsu suna shanye wani ɓangare na amon, don haka abin da ya yi yawa lokacin gwaji zai iya zama daidai da dare. Wannan kaɗai ya isa dalilin ɗora Decay a kan nob na kusa da hannu.

Sai tankaɗe. Lo Cut na amon ɗaki ka kai shi tsakanin 180 da 250 Hz. Ƙasan murya in ya shiga amo laka yake zama, ya haɗu da ganga da gita mai kauri ya toshe komai. Hi Cut kuma ka sauko da shi tsakanin 5 da 7 kHz, domin sautin "s" da "sh" da "ts" su daina fantsama suna tsiyaya bayan kowace kalma. Damping yana sa saman jelar ya riga ƙasanta mutuwa, kamar yadda yake faruwa a ɗaki na gaske. In amon yana ƙara kamar cikin garwa, sauke shi. Size girman ɗakin da ake kwaikwayo ne, ka bar shi tsaka-tsaki, kada ka haɗa babban ɗaki da gajeriyar jela ko ƙaramin ɗaki da doguwar jela, domin kunne yana gane cewa ba haka duniya take ba. Diffuse ka bar shi sama-sama don murya.

Hall na FX2 na piyano ne da sarewa da 'yan amshi. Bi ƙa'idar da ta gabata, jela ta ɗan fi tsawo. Kalangu da sauran kayan bugu, kaɗan kawai za ka ba su ko ma ka hana su, saboda maganar kalangu a kaifin bugunsa take. Babbar ganga da gita mai kauri kuwa ba ruwansu da amo sam.

Ma'aunin yawa: ɗaga aikawa har ka ji amon a fili, sannan ka ja baya da 3 dB. Kashe shi ka kunna. In ka kashe ka ji murya ta bushe, ka kunna ba ka ji wani baƙon abu ya shigo ba, ka dace.

Eko

A nan ne aka fi ɓata aiki, kuma a nan ne aka fi samun daɗi in an iya. Shiga fx3. Abu na farko, Mix ya kasance 100. Tunda muryar asali tana fita ta layinta, gurbin eko bai kamata ya sake fitar da ita ba. In ka bar shi a 50, muryar za ta bi hanya biyu ta haɗu da kanta da ɗan bambancin lokaci, sai ka ji ta yi rami, kuma fedar dawowa ta koma ƙara ƙarfin murya maimakon ƙarfin eko.

Time shi ne tazarar maimaici, yana kaiwa har milisakan 3000. Lissafinsa ɗaya ne: raba 60,000 da yawan bugun waƙa a minti. Waƙa mai bugu 120 tana ba da milisakan 500, mai 100 tana ba da 600, mai 96 tana ba da 625, mai 90 kusan 667. Idan kiɗa daga kwamfuta ko piyano yake fitowa, tambayi mai kiɗan yawan bugun, ka yi lissafin ka sa abin da ya fito. Idan makaɗa ne da hannu, saurinsu yana hawa yana sauka, lissafi ba zai yi ba, sai bugawa da yatsa, wanda za mu ɗaura a maɓalli.

Factor L da Factor R suna ninka ko raba wannan lokaci ga hagu da dama. A 1, maimaici yana faɗowa kan kowane bugu. A 1/2, sau biyu a bugu. Kiɗan da ke tafiya uku-uku, irin wanda ya yi yawa a kaɗe-kaɗenmu na kalangu, sau da yawa 2/3 ya fi zama a cikinsa, 1/2 kuwa sai ka ji yana tuntuɓe da ganga. Gwada ka ji. Ka yi hattara da bambanta hagu da dama a wajen taro. A belun kunne yana da daɗi eko ya riƙa tsalle daga wannan gefe zuwa wancan, amma a fili inda lasifikar hagu ke nesa da ta dama da mita 15, mutanen kowane gefe rabin abin kawai suke ji. In kana shakka, daidaita su biyun, ko ka sa Mode a M, wato hagu da dama su fitar da abu ɗaya.

Feed L da Feed R su ne yawan abin da ake mayarwa ciki ya sake maimaituwa. Tsakanin 20 da 30 zai ba ka maimaici biyu ko uku masu dusashewa, kuma wannan ya ishi yawancin waƙoƙi. Ya wuce 60, maimaici yana taruwa a kan juna. Kusa da ƙarshe kuwa ba ya mutuwa, kuma da makirufo a buɗe kusa da lasifika zai iya rikiɗewa ya zama kuka. Tankaɗe eko fiye da yadda ka tankaɗe amon ɗaki: Lo Cut wajen 250 zuwa 300 Hz, Hi Cut wajen 3.5 zuwa 4.5 kHz. Eko mai duhu yana komawa bayan mawaƙi ya zauna. Mai haske kuwa gasa yake yi da shi, kamar mutum biyu na magana lokaci guda.

Wata dabara da ke gyara eko ƙwarai ita ce a aika kaɗan daga FX Return 3 zuwa Bus 13, wajen -15, domin maimaicin ma ya samu amon ɗaki ya daina fitowa tsirara. Abin da ba a yi shi ne aika FX Return 3 zuwa Bus 15, ko FX Return 1 zuwa Bus 13. Wannan ciyar da na'ura da abin da ta fitar ne, kuma ƙarar da zai haifar tana iya ƙona ƙananan lasifikun sama.

Magana daban take da waƙa. Mai gabatarwa a biki yakan nemi a sa masa eko don muryarsa ta yi kwarjini. In dole ne, ba shi maimaici ɗaya gajere, milisakan 100 zuwa 130, Feed ƙasa da 10, can ƙasa da muryar. A wa'azi da tafsiri da karatun Alƙur'ani, shawarar da ta fi ita ce a bar eko gaba ɗaya. Lasifikun da aka jera a nesa da juna sun riga sun haifar da maimaici, ƙarin wani a kai yana haɗa harafi da harafi, ya ɓata tsawon madda, ya wahalar da dattijon da ke sahun baya. In wurin a bushe yake sosai, Plate mai jelar sakan 0.8 zuwa 1, kaɗan, ya wadatar. Haƙƙin mai sauraro ne ya ji kowace kalma.

Ɗaura su a ASSIGN

A gefen dama na X32 akwai sashen da aka rubuta ASSIGN: nob huɗu masu lamba 1 zuwa 4, maɓallai takwas masu lamba 5 zuwa 12, da ƙananan alluna da ke nuna sunan aikin da aka ba su. Akwai rukuni uku, A, B da C, ke nan ayyuka 36. Danna VIEW na sashen, ka matsa zuwa shafin set A. Zaɓin yana tafiya daga hagu zuwa dama: launin rukunin, sai nob ko maɓallin da kake son bai wa aiki, sai nau'in aikin, sai gurbi ko layin da zai shafa, sai ainihin saitin. A kowane mataki ka murɗa ka danna, domin wanda ya murɗa bai danna ba bai ajiye komai ba. Fasalin allon ya ɗan sauya a sababbin manhajojin na'urar, amma jerin bai canza ba.

Rukunin A na babban mawaƙi ne, kuma maɓalli mafi muhimmanci a cikinsa shi ne na buga lokaci. Zaɓi maɓalli na 9, na farko a layin ƙasa, inda yatsa ke sauka ba tare da dubawa ba. Ba shi nau'in aikin Effect, gurbi FX3, saitin Time. Daga nan fitilarsa za ta riƙa ƙiftawa daidai da tazarar eko. Da an fara waƙa, buga shi sau huɗu tare da ganga. Ka bi ƙafar kiɗa, kada ka bi muryar mawaƙi, domin mawaƙi yakan ja baya ko ya riga kiɗa da gangan. A sake bugawa a farkon kowace waƙa, da kuma duk inda makaɗa suka zafafa.

Na biyu shi ne kashe amo, kuma akwai hanya biyu da sakamakonsu ya bambanta. In ka kashe fedojin dawowa, jela tana yankewa nan take kamar an rufe ƙofa, sannan na'urar tana ci gaba da karɓar murya a ɓoye, ta yadda da ka buɗe sai ragowar maganar da aka yi ta zubo. In ka kashe Bus 13 da 15, wato mashiga, jelar kalmar ƙarshe tana mutuwa da kanta, maganar da ta biyo baya ta fito a bushe, kuma in ka buɗe ba abin da ya taru a ciki. Hanya ta biyu ta fi. Ba maɓalli na 10 aikin Mute na Bus 15, na 11 Mute na Bus 13. Ka tuna fitila a kunne tana nufin an kashe.

Don kashe su duka da yatsa ɗaya, yi amfani da MUTE GROUP, waɗanda suke guda shida. Danna MUTE GRP na gefen allo, riƙe maɓallin rukuni na 6, ka danna SELECT na Bus 13, 14, 15 da 16, ka saki, ka sake danna MUTE GRP don fita. Wannan maɓalli shi ne na lokacin da waƙa ta tsaya aka koma magana.

Maɓalli na 10 yana da wani amfanin. Bar Bus 15 a kashe duk tsawon baiti, ka buɗe shi daidai kan kalmar ƙarshe, ka rufe nan da nan. Kalmar nan kaɗai za ta maimaitu a cikin giɓin da mawaƙi ke numfashi. Waƙar da baitocinta suke cike da kalmomi, kamar ta yabo mai jero sunaye da kirari, wannan ce hanyar da za ta samu eko ba tare da sunayen sun cakuɗe ba. Yana buƙatar ka san waƙar ko ka kafa wa mawaƙi ido.

Maɓallan sama, 5 zuwa 8, ba su aikin Jump to Page: na 5 ya kai ka shafin fx1, na 6 fx2, na 7 fx3, na 8 kuma layin babban mawaƙi. Nob na 1 ya riƙe Decay na FX1. Na 2 ya riƙe aikawar layin mawaƙi zuwa Bus 15, a ƙarƙashin nau'in Sends. Na 3 da na 4 su ɗauki Feed L da Feed R, tunda a Stereo Delay rabe suke, kuma dole a murɗa su tare in ana son hagu da dama su mutu lokaci ɗaya. Rukunin B ka ba 'yan amshi da kayan kiɗa da launi daban, C kuma na'urar ɗaukar sauti ta USB da kiran saituka. Bambanta launin ba ado ba ne, shi ne zai hana ka buga lokaci a rukunin da maɓalli na 9 ke yin wani aikin.

Yawan amo gaba ɗaya ya fi kyau a kan feda. DCA feda ce da ke jan wasu fedoji tare. Riƙe SELECT na DCA 8, ka danna SELECT na fedojin dawowa duka, ka sa masa suna. Yanzu feda ɗaya a dama tana ɗaga amo a amshi ta sauke shi a baiti, ko da wane shafi kake a hagu. Kada ka haɗa layin mawaƙi da fedojin dawowarsa a DCA ɗaya. Tunda aikawar Post Fader ce, saukar 5 dB za ta rage amo sau biyu, a mashiga da mafita, murya ta bushe fiye da yadda ka nufa.

Akwai tarko a nan. Nob da maɓallin ASSIGN gurbi suke bi da matsayin saiti a cikinsa, ba sunan na'urar ba. In ka cire Stereo Delay daga FX3 ka sa wata, maɓallin da ke buga lokaci zai koma taɓa wani abu dabam ko ya daina aiki. Saboda haka tsayar da doka: FX1 kullum Plate, FX3 kullum Stereo Delay, lambobin ciki kawai ake canzawa.

Ajiya

Hanya uku ce, kowace da girmanta. LIBRARY tana ajiye saitin gurbi ɗaya, misali Plate ɗinka na waƙar sanyi. Scene yana ajiye mikisar kusan gaba ɗayanta, kuma akwai wuri 100. Snippet, shi ma 100, yana ajiye abin da ka zaɓa kawai. Don sauya amo tsakanin waƙoƙi, Snippet ne daidai: ka yi guda uku da suka ƙunshi FX1 da FX3 kaɗai, ɗaya na sauri, ɗaya na sanyi, ɗaya na magana, ka ɗaura su a maɓallan rukunin C. In ka yi wannan da Scene, zai mayar da GAIN da fedoji da monita zuwa yadda suke lokacin da aka ajiye, duk gyaran da ka yi bayan jama'a sun cika ya tafi. Kira Snippet a tsakanin waƙoƙi, ba a tsakiyar jela ba, domin sauya lokaci ana cikin maimaici yana sa sautin ya karkace.

Saitin ASSIGN yana cikin Scene. Wanda ya zo da filashinsa ya loda nasa, maɓallanka sun tafi. Gina Scene ɗaya na tushe mai duk maɓallan, daga shi kake kwafar sauran, kuma ka fitar da shi zuwa filashi mai tsarin FAT32 ta hanyar UTILITY, ka riƙe kwafi a kwamfuta ta X32-Edit. Ajiye bayan gwajin sauti, ka sake ajiyewa bayan waƙa ta biyu. Mikisar tana tuna halin da take ciki, amma in an ɗauke wuta kwatsam gyaran ƙarshe zai iya ɓacewa, kuma tana ɗaukar lokaci kafin ta farfaɗo. Ƙaramin UPS a kan mikisa kaɗai yana tsallakar da ita lokacin sauyawa zuwa janareta. A SETUP akwai Safe Main Levels, wanda ke sa babbar mafita ta tashi a rufe bayan wuta ta dawo. Kunna shi, amma ka sanar da duk mai taɓa na'urar, kada ya ɗauka ta lalace.

Monita da yaɗawa kai tsaye

Mawaƙa suna son jin amo a monitar gabansu. Matsalar ita ce amo yana tsawaita kowane sauti a kusa da makirufo, kuka ya zo da wuri. In mawaƙi ya nace, aika masa FX Return 1 kaɗai wajen -20, ban da eko, domin eko a monita yana rikita masa lokaci. Mai sa monitar cikin kunne ba shi da wannan damuwa, ba shi yadda yake so. Wanda ya nemi gyaran murya irin na situdiyo mai daidaita karin sauti da kansa, a gaya masa gaskiya: X32 tana da na'urar ɗaga murya ko sauke ta, amma ba ta da wannan, sai an kawo ta daban an haɗa.

Masu kallo a Facebook ko YouTube ba sa jin zauren, abin da ya fita ta waya kawai suke ji. Amon da ya yi daidai a ɗaki zai yi musu kaɗan. In kana aika musu ta Bus na daban, ƙara fedojin dawowa a wannan Bus da 3 zuwa 6 dB, ka saurara da belun kunne ta SOLO kafin a fara. Tunda kashe amon naka a mashiga yake, maɓallin rukuni na 6 zai bushe musu magana su ma lokaci guda, ba sai ka yi musu wani saitin ba.